Sunan da Rifkatu Ba Ta Faɗa

A ƙauyensu da ke gefen Tafoki, babu wanda ya taɓa jin Rifkatu ta ce "Lahadi". In za ta ambaci ranar, sai ta ce "ranar sujada". Ɗanta na fari Ɗanlahadi ne sunansa, mace mai kunya kuwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Haka ta tarar uwarta na yi tun suna bin gargajiya, kafin gidansu ya karɓi bishara, haka ma maƙwabtanta Musulmi suke yi. Ya girma, ya yi aure, ya haihu, ita dai "wancan" take cewa, ko "uban su Zainabu".

Wani abin da ba a taɓa ji ba shi ne muryarta a cikin majami'a. Can baya take zama, jikin bango. Da ta ga Fasto Nata'ala ya fara duba wanda zai yi addu'a, sai ta sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Ba ta yi karatu ba. In ta ji masu karatu suna jero kalmomin Littafi, sai ta ji nata bakin bai dace da wurin ba. A zuci take tata, tana surfe ko tana tsinke yakuwa.

Da damina mutanen daji suka tarar da Ɗanlahadi a gona, suka tafi da shi. Sai bayan an yanke gero ya dawo, a ƙafa, rigarsa a yage. Gari ya yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Jikinsa ne kawai ya dawo. Ba ya magana. In an ba shi tuwo ya ci, in an zaunar da shi ya zauna har sai an tashe shi. Matarsa ta yi masa magana, 'ya'yansa suka hau cinyarsa, abokansa suka kira sunansa a kunne, ko ƙiftawa. A asibiti aka ce ba a ga ciwo ba. Rifkatu takan tsaya bayan zana tana leƙensa, ta ga yadda ƙuda ke sauka a fuskarsa bai kora ba.

Ran Asabar da hantsi Larai ta shigo, ta tarar da Rifkatu tana daka. Ita ce shugabar zumuntar mata, kuma tare aka kawo su garin suna amare.

"Sannu da aiki, kurmar coci."

"Sannu, mai baki kamar gangar biki. Mi ya kawo ki?"

"Gobe za a kawo ɗanki gaba a yi mashi addu'a. Na ce ma Fasto ke za ki yi."

Taɓarya ta tsaya a hannun Rifkatu. "Ni? Larai, ki ji tsoron Allah. Ga Fasto, ga dattawa. Mi na sani?"

"Duk sun yi. Ke kaɗai ta rage."

"Ina yi a zuci."

"A zucin ma mi kike cewa? 'Ya Allah, ka warkar da wancan'? Wancan nawa ne a duniya?"

"Allah ya san wanda nike nufi."

Larai ta ɗauki faifai ta karkaɗe, ta ajiye. "Allah ya sani. Shi yaron fa, ya sani?"

Rifkatu ta ci gaba da daka, amma hatsin sai tsalle yake yi daga turmi.

Washegari majami'a ta cika har bakin ƙofa. Mata suka buga tulu suka yi waƙa, aka yi karatu. Sannan mutum biyu suka riƙo Ɗanlahadi suka zaunar da shi a kujera a gaba, hannuwansa a kan gwiwa, idonsa a ƙasa. Fasto ya ce, "Mama Rifkatu za ta kai mu gaban Ubangiji."

Ta miƙe. Ta riƙe bencin gabanta. Duk kalmomin da ta saba ji wasu na faɗa suka watse. Rufin kwano ya fara ƙara saboda zafin rana. Abu ɗaya ta sani: ba a fara magana da babba sai an gaishe shi.

"Ubangiji, ina kwana," ta ce.

Wata mata ta fara dariya, ta haɗiye.

"Ni ce Rifkatu, kakar su Zainabu. Ban iya ba, ka yi haƙuri da ni." Muryar ta fito siririya. "Akwai wanda ka ba ni tun ina yarinya. Da aka yaye shi kakarshi ta ɗauka. In shina cin abinci, daga nesa nike kallo. In ya faɗi, sai in jira wani ya ɗaga shi. Ba ƙi ba ne, kai ka sani. Kunya ce, haka aka koya mani."

Yanzu babu mai motsi. Ta ji kamar ɗakin ya yi faɗi, kamar wanda take yi wa magana ya matso kusa ya kasa kunne, har tsigar jikinta ta tashi. Tsoron mutane ya fita daga ranta, wani tsoron da ya fi shi girma ya shiga, amma wannan bai toshe mata baki ba.

"Da aka tahi da shi, kowa ya yi ta kiran shi. Ni ban kira ba. Ko shi ya sa bai gama dawowa ba, ban sani ba. To, ga shi nan a gabanka. Sunanshi..."

Ta tsaya. Ta ga tsofaffin mata sun buɗe ido suna dubanta, ɗaya ta riga ta kai hannu baki.

"Ɗanlahadi," ta ce. "Ɗana ne. Ɗanlahadi. Ka maido mani shi."

Ta manta yadda ake rufe addu'a. Fasto ya buɗe baki zai rufe mata, sai ya fasa.

Mutumin da ke kan kujera ya ɗaga kai. A hankali ya juya wuya, ya duba ɓangaren maza, ya duba na mata, kamar wanda aka tasa daga barci a gidan da bai sani ba. Leɓɓansa suka motsa. Da muryar ta fito, a dishe ta fito, amma har na bakin ƙofa sun ji.

"Wa ke kira na?"

Matarsa ta zube a ƙasa. Fasto ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Larai ce ta amsa, hawaye na bin kumatunta.

"Uwarka ce, ɗan nan. Ba ka san muryar ba ko?"

Ya ci gaba da dube-dube, bai gano ta ba cikin taron. Rifkatu ta saki bencin. Ta ratsa tsakanin mata, suna janye ƙafa suna ba ta hanya, har ta iso inda zai gan ta. Ta durƙusa daidai fuskarsa, ta sake kiransa.