Amastan Ya Dawo Daga Bolibiya

Ran da Amastan ya sauka a tashar Arlit, bayan shekara ɗaya da wata biyu, jaka guda ce a hannunsa. Kafin ya kai gidan yayarsa Aïcha a unguwar Akokan, labari ya riga shi isa: direban nan ɗan garin Dannet, wanda ya sayar da kat-kat ɗinsa, motarsa ta shiga daji, don ya tafi Amurka, ya dawo, kuma Amurkan ko daga nesa bai hango ta ba.

Gaskiya ne bai gan ta ba. Su bakwai suka hau jirgi zuwa Brazil, daga can suka bi mota ta Bolibiya da niyyar yin arewa. A Potosi, wani gari da ke can ƙololuwar tsauni, haki da ciwon kai suka kayar da shi, don iskar wurin ba ta cika huhu. Abokan tafiyar suka jira shi kwana biyu, suka wuce. Mai masaukin, wata dattijuwa Felisa, ita ta yi jinyarsa da shayin ganye da romon dankali. Ɗanta Wilfredo direba ne, yana kai baƙi kallon filin gishiri na Uyuni. Wata safiya motarsa ta ƙi tashi, Amastan ya lallaɓo ya leƙa inji, ya gyara ta da waya da filaya. Daga nan Wilfredo ya tafi da shi. Wata goma ya yi yana tuƙi a kan gishiri, sannan ya tattara ya dawo gida da ƙafarsa, ba wanda ya koro shi.

Mutanen Arlit dai ƙarshen labarin kawai suka riƙe. Sati biyu da dawowarsa aka yi suna a unguwar, maza suka cika rumfa ana shayi. Alhaji Zakariya'u, Bakatsine mai manyan motoci a hanyar Assamaka, ya hango shi ya ɗaga murya.

"Ba'amurke! Matso kusa mana. Ina tsarabar?"

Aka yi dariya. Amastan ya gaishe shi ya zauna.

"Ka zo gareji gobe," in ji Alhaji, "in ba ka mota. Amma tatsuniyar gishirin nan da nake jin kana yi wa mutane, ka bar ta a gida. Wa ya sani ma ko a Kwatano ka ɓoye duk tsawon lokacin."

Amastan ya ajiye kofinsa a kan tabarma.

"Alhaji, ranka ya daɗe, na yi tuƙin awa uku a kan gishiri tsantsa ban ga ƙarshensa ba. In ruwa ya sauka, ƙasa takan koma madubi, ka rasa inda sama ta tsaya. Na ga tafki ja kamar an yanka raƙumi a ciki, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sun rufe shi. Na ga ƙasa tana huci da tururi, mutane na wanka a ruwan zafi alhali ƙanƙara na gefensu. A Potosi masu haƙar azurfa, kamar masu haƙar ma'adininmu na nan, su ke shiga da baƙi cikin rami, suna nuna musu inda kakanninsu suka mutu. Ba sa jin kunyar ramin."

"To, Turawa ne ke wannan shirmen."

"Haka na zata ni ma. Rabin waɗanda na ɗauka 'yan ƙasar ne. Tsofaffin mata masu tallan masara sukan haɗu su cika mota, su je su ga ƙasarsu. Mu nan tun da turis masu yawon buɗe ido suka daina zuwa muka naɗe hannu, kamar duwatsun nasu ne suka tafi da su. Kai, Alhaji, sau nawa ka bi hanyar Agadas? Ka taɓa tsayawa a Dabus?"

"In tsaya in yi me?"

"Shi ke nan. Na gode da motar, a ba wani."

Da ya koma gida, Aïcha ta riga ta ji. Ta tare shi a tsakar gida da ludayi a hannu.

"Kai wane irin mutum ne? An ba ka aiki a gaban jama'a ka watsa wa mutum ƙasa a ido?"

"Yaya, shi ya fara ƙaryata ni."

"Ƙaryatawar ce za ta ciyar da kai?"

Ya wuce ɗaki. Washegari ya tafi wurin Baƙo, makanike abokinsa, wanda wata tsohuwar mota mai cin mutum tara ke kwance a bayan garejinsa tun da aka rufe ramin ma'adinin Akokan. Suka shafe kwana goma sha ɗaya a kanta. Amastan ya samo fenti ya rubuta a ƙofa: Mu Je Mu Gani. Masu wucewa suka yi ta tsokana, wani ya ce a ƙara "Mu Dawo Hannu Rabbana". Ya ce musu akwai sauran wuri, su zo su rubuta da kansu.

Ya zaga fadodin shayi yana shela zai kai mutane Dabus kallon zanen dutse, ba namiji ko ɗaya da ya ce zai je. Wadda ta fara amsawa Kaka ce, tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa, wadda ta zo Arlit daga Tawa tun tana amarya.

"Ɗan nan, da gaske akwai raƙumin dawa a jikin dutse?"

"Akwai, Kaka. Ya fi tsawon wannan rumfar taki."

"To ka sa ni. Shekara arba'in ina garin nan, daga kasko sai gida."

Ta jawo ƙawayenta huɗu. Aïcha ta ce ita za ta bi ne kawai don kada ya kashe tsofaffin mutane a daji.

Suka fita ran Asabar da sassafe. A shingen fita gari jandarma ya duba takardu, ya leƙa ya ga mata da kulolin abinci.

"Biki za ku?"

"Kallon dutse za mu," in ji Kaka.

Ya sake tambaya, ta sake faɗa masa da ƙarfi. Ya ɗaga musu ƙarfen yana girgiza kai.

Hanya ta lalace, sai kusan azahar suka isa Dabus. Mai gadin wurin ya hau da su kan falalen dutsen. Ga raƙumin dawan nan a kwance a jikin dutse, an sassaƙa shi tun daga kofato har ƙahoni, ko zanen fatarsa ba a bari ba, da ƙarami a gefensa. Matan suka matso kusa. Kaka ta tuɓe takalmanta, ta zaga shi sau biyu a hankali, tana tambayar mai gadi da me aka yi, su waye, ina suka tafi. Aïcha ta ciro salula ta yi ta ɗauka, sannan ta miƙa wa ƙanenta.

"Ɗauke ni. Ka tabbata kan ya fito."

A hanyar dawowa, saura kilomita talatin su shiga gari, tiyon ruwa ya fashe. Amastan ya shige ƙarƙashin mota, matan suka shimfiɗa tabarma a inuwar wata ƙaya suka ɗora shayi. Yana kwance yana ɗaure tiyon da roba ya ji Kaka na kiransa.

"Direba! An ce akwai wani wuri, Timiya, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ga lemu a lambu."

"Akwai, Kaka, amma da nisa. Sai an kwana."

"To sai a kwana. Ka gyara motar nan da kyau."