Ranar da Shafa'atu Ta Kira Sunan Ɗanta

Awaisu direban bas ne, Funtua zuwa Malumfashi, kuma duk unguwarmu an san yana haɗiyar ƙwayar nan taramol, wai don kada ya gaji. Da kaka, ranar kasuwar Bakori, ƙwayar ta hau kansa. Ya saki kwalta ya bi ta kan masarar da aka shanya a gefen titi, ya kwashe mai masarar, ya karya masa ƙafa. Da aka laluba aljihunsa aka sami ragowar ƙwayar. Sai ofishin 'yan sanda, sai kotu.

Lauyar da aka ɗauka Barista Kemi ce, 'yar mai sayar da kayan mota, haihuwar Funtua. Har tsakar gidan su Awaisu ta zo. Ni kuwa na shiga aron rariya ne, sai na ga tabarma a shimfiɗe na zauna.

Ta ce, "Laifi kam ya yi, kuma zai amsa. Abin da ya rage mu roƙi sassauci, kada a kai shi gidan yari. Ina son mutum ɗaya daga gida ya tsaya gaban alƙali ya roƙa masa."

Goggo Tsohuwa ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ita ce yayar ubansa, ita ta ɗauke shi tun daga yaye ta riƙe.

Barista ta ce, "Mahaifiyarsa nake so."

"Wa? Shafa'atu?" Goggo ta saki baki. "'Yar nan, ɗan fari ne fa! Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya shigo ta ƙofa, ita bango take kallo. Ni na sha fitsarinsa a bayana, ni na yi jinyar kaciyarsa!"

"Na san alkunya, Goggo, a nan na tashi. Amma alƙali uwa yake son gani."

Tun daga ranar Goggo ta daina cin tuwon Shafa'atu, wai gishiri ya yi yawa. Ranar shari'a ta fito da leshinta na zuwa biki, ta yi wanka da turare. Barista ta buɗe wa Shafa'atu gaban mota, ni da Goggo aka cusa mu a baya. Har muka isa Goggo ba ta daina hararar ƙeyar matar nan ba.

Awaisu ya amsa laifinsa, ya rame kamar kara. Aka kira Shafa'atu.

Barista ta ce, "Hajiya, mene ne tsakaninki da wanda ake tuhuma?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaron gidanmu ne."

"Yaya halinsa?"

"To, ga shi nan dai. Kamar sauran yara."

Goggo ta mintsine ni a cinya. "Kin ji ko? Ba na faɗa ba? Yanzu za a neme ni." Har ta soma laluben takalminta da ƙafa, bakinta na son yin murmushi tana danne shi.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce ai ko mutanen gidansu ba su da abin faɗa a kansa, a ɗaure shi ya zama darasi ga direbobi. Alƙali ya gyaɗa kai ya ɗauki biro.

Sai Shafa'atu ta juya ta kalli yaron, ido cikin ido.

"Awaisu."

Shi kansa waige-waige ya shiga yi, yana neman mai kiransa.

"Awaisu ɗana ne, ranka ya daɗe. Ni na haife shi. Ya yi ɓarna, ba na musu. Mai masara kuma muna zuwa duba shi, har ya warke muna kansa. A ba ni ɗana. In ya sake taɓa ƙwaya, ni zan riƙo hannunsa in kawo maka."

Alƙalin, da ganinsa shi ma ɗan fari ne, ya ajiye biro ya daɗe yana kallonta. Bai tura Awaisu gidan yari ba. Ya raba shi da tuƙi, ya ce a kai shi asibitin masu shaye-shaye, jinyar mai masara kuma a wuyansu.

Da muka fito, Shafa'atu ta ja mayafi ta wuce ɗanta kamar ba ta san shi ba. Awaisu ya zo ya durƙusa gaban Goggo yana kuka. Ta dafa kansa ta sa masa albarka, amma idonta na kan motar.

Ta matso kunnena. "Kin ji yadda ta faɗi sunan? Ko iya faɗa ba ta yi ba."

Sai ta tattare leshinta ta yi sauri, ta riga Shafa'atu shiga gaban mota.