Ranar da Doña Eufemia Ta Sauka a Lima

Shekara biyar Yolimar ta kwashe tana gyara wa 'yarta Dariannys baki, yau harara, gobe ranƙwashi. Tun ranar da yarinyar ta dawo daga makaranta tana kuka, wai 'yan ajinsu suna kwaikwayon maganarta suna cewa ta koma Venezuela, uwar ta kafa doka: maganar gida ta ƙare. Babu chama in za a kira ƙawa, babu naguará in abu ya ba mutum mamaki. Nan Lima ce, abin da 'yan Lima ke faɗa shi za a faɗa.

Dokar kuwa ta ci. Dariannys ta cika shekara goma sha ɗaya tana kiran kowa causa, wato aboki a bakin 'yan Lima, tana liƙa pe a ƙarshen kowace magana, har masu sayen burodi a shagon da Yolimar ke aiki suna rantsuwa a nan aka haife ta. Yolimar kan ji daɗi har cikin ranta. Sai ga labari mahaifiyarta, Doña Eufemia, ta taso daga garinsu Barquisimeto na Venezuela a mota, tafiyar kwana biyar, don ta ga jikarta. Nan fa jin daɗin ya koma fargaba.

A garinsu yaro ba ya buɗe baki gaban babba sai ya fara cewa bendición, wato a sa mini albarka, babban ya amsa. Ko ɗan daba ne sai ya roƙa. Doña Eufemia kuwa mace ce da ta taɓa shekara guda ba ta kula ƙanenta ba don ɗansa ya wuce ta bai roƙa ba.

"Kalma ɗaya ce tak," in ji Yolimar a hanyar tasha. "Kina ganinta ki ce bendición."

"A gaban mutane? Haba Mama, ke fa kika ce kada a ji mu."

"Yau na ce a ji."

"Gobe kuma ki ranƙwashe ni, pe."

Da rana tsaka motar ta iso. Tsohuwar ta sauko ƙafafu a kumbure, riƙe da jaka ɗaya da ledar alewar madara da ta dafa da hannunta. Tana hango yarinyar ta ajiye jakar.

"Naguará! Wannan zanƙaleliyar ce jikata? Me kuke ba ta, taki?"

Wasu mata biyu suka waiwayo. Dariannys ta gan su, ta sunkuyar da kai. Doña Eufemia ta tsaya, hannun dama a ɗage don sa albarka, tana jira.

"Sannu Kaka," in ji yarinyar a hankali. "Ya hanya?"

Hannun ya daɗe a sama kafin ya sauko. Kunya ta kama Yolimar kamar ta nutse, ta fara kame-kame: yarinya ce, makaranta ce, garin ne ba ya son baƙi.

"Rabu da ita," in ji tsohuwar. "Yaro abin da ya ji a ɗaki shi yake faɗa a waje." Ta juyo ta dubi 'yarta. "Ke fa? Tun da na sauko nake jiranki. Ke ma makarantar ce?"

Sai a lokacin Yolimar ta tuna ita ma ba ta roƙa ba. Ta buɗe baki, amma kafin kalmar ta fito idonta ya riga ya leƙa dama da hagu, don ya ga wa ke saurare. Doña Eufemia ta ga leƙen.

"Bendición, Mama," ta ce, da kyar ake jinta.

"Allah ya yi miki albarka," in ji tsohuwar. Yolimar ta miƙa hannu za ta ɗaukar mata jaka, tsohuwar ta ce a'a, ta bari, ba ta da nauyi.