Inda Macijin Ya Sari Zenko

Duk ƙauyen babu wanda ya kai Kochinda Zenko iya kama maciji, babu kuma wanda ya kai shi sanar da jama'a hakan. A ɗakinsa akwai wata ƙatuwar kwalbar giyar awamori, habu guda, macijin nan mai mugun dafi, naɗe a ciki, baki a buɗe. Kullum sai ya kurɓi ƙaramin kofi, wai jininsa ya riga ya fi dafi ɗaci. Da aka kawo allurar kashe dafi ƙaramin asibitin garin, cewa ya yi an kawo wa ragwaye.

Ranar da abin ya faru, shi da matarsa Nabi suna nome ciyawa a gonar rake. Jiya ya ci romon akuya a gidan biki har ya wuce hankali, yau cikinsa yana ƙugi. Ya ajiye lauje ya kutsa cikin rake, ya tsugunna ba tare da ya duba ba, shi da ke yi wa mutane huɗuba a kan dubawa. Sai ya ji kamar an kafa masa ƙarfe mai zafi a ɗuwawun hagu. Yana waiwayawa ya ga wutsiya tana sulalewa cikin ganye.

Ya ja wando ya fito yana taku kamar mai ɗauke da ƙwai a tsakanin cinyoyi.

"Maigida, lafiya?" in ji Nabi.

"Rina ce."

"Rinar da ta sa ka gumi haka? Juyo in gani."

"Ke, ni sa'anki ne?"

Nabi ba ta tsaya musu ba, ta finciko wandon. Huji biyu ne, wurin ya yi baƙi, ya fara tasowa kamar ƙullin da ya kwana. Ta duba inda za ta ɗaure don tare dafin, ta rasa. Ta kwasa da gudu ta kira maƙwabcinsu Gima mai amalanken doki, wanda suka shekara ba sa ga maciji da Zenko saboda iyakar gona.

Gima ya zo, ya leƙa, ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce. Suka ɗora shi ruf da ciki.

"Ku rufe ni da tabarma," in ji Zenko. "Wanda ya faɗa wa wani, ban yafe ba."

Suka rufe shi, ƙafafu kawai a waje. Matsalar ita ce hanyar asibiti ta tsakiyar gari ta bi. Tsofaffin da ke gaban kanti suka ga amalanke, ga tabarma, ga Nabi tana binta a guje da hawaye, sai suka ɗora hannu a ka. Tsohuwa Ushi ta fi kowa ƙarfin murya.

"Wayyo Zenko! An tafi! Mutumin kirki ne, ƙaryar ce kawai ta yi masa yawa!"

Daga ƙarƙashin tabarma aka ce, "Ƙaryar uban wa?"

Ushi ta zubar da kwandon dankalinta ta faɗa kanti.

Nas ɗin asibitin Fumi ce, ƙanwar Nabi, wadda tun tana budurwa ita da Zenko ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ta fito tana goge hannu.

"Yaya, a ina ya sare ka?"

"A cinya. Can sama."

"Saman har ina?"

"Ke dai yi aikinki."

Ta sa almakashi ta tsarge wandon, ta duba wurin, sannan ta ce, "Lallai macijin nan ya yi ƙarfin hali." Amma bakinta ne kawai ke wasa. Ta zana layi da biro a bakin kumburin, ta ɗauko kwalbar maganin daga firiji, ta ɗiga kaɗan a ƙarƙashin fatar hannunsa ta ga ko jikinsa zai karɓa.

"Ba na buƙata," in ji Zenko. "Jinina…"

Bai ƙarasa ba amai ya taso. Ɗakin ya fara juya masa, muryoyi suka yi nisa, cinyar ta yi tauri kamar ba tasa ba. Kumburin ya haye layin biro. Ya tuna ƙanensa da habu ya sara suna yara, lokacin ba allura ba asibiti, yadda ƙafar ta ruɓe kafin ran ya fita. Ya lalubi hannun Nabi.

"Nabi, mutuwa zan yi?"

"Da wannan tabon? Me za ka ce wa kakanninka in sun tambaye ka? Miƙa wa Fumi hannu."

Ya miƙa. Fumi ta sami jijiya ta fara tura maganin a hankali, ido a kan numfashinsa. Da ta ga kumburin bai tsaya ba ta buga wa likitan birni waya, ya ce ta ƙara kwalba. Ta ƙara, ta ja sabon layi. Suka zauna suna kallon ɗuwawun Zenko su uku, har Gima, kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Can da la'asar kumburin ya tsaya a inda yake.

Da hankalinsa ya dawo ya tambayi abin da aka ɗura masa.

"Daga jinin doki ake tace shi," in ji Fumi. "Ana yi wa dokin allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininsa ya saba."

"Doki?"

"Doki ya kawo ka, doki ya tashe ka," in ji Gima. "Ka dinga gaishe su."

Washegari aka wuce da shi babban asibiti, inda aka yanke naman da ya mutu. Bayan mako borin jini ya feso masa, ya yi ta susa yana zagin dawakin duniya. Da ya dawo gida, yara na hango shi sai su yi haniniya. Ya gwada ba da labarin cewa macizai biyu ne suka yi masa kwanton ɓauna, amma Ushi ta riga shi zagaye gari.

Tun daga nan a karkace yake zama, nauyi a ɓangaren dama. Da ya ji cewa a birni akwai gidan da ake tatsar dafin macizai masu rai don haɗa maganin, sai ya daina kashe su. Ya ƙera akwatin katako, duk wanda ya kama ya hau bas ya kai shi da kansa. Nabi ta tambaye shi ko tausayi ne ya kama shi da tsufa.

"Tausayin wa? Kisa ai hutu ne. So nake a yi ta matse musu baki har su tsufa."

A cikin bas kuwa ba ya rasa wurin zama, don da an ga akwatin kowa ke komawa baya.