Kwalin Masu Naci

Ranar da aka kama Mutumin Dutse ina bayan ofis ina wanke kofin shayi. Na ji ihu daga ɗakin direbobi, na ɗauka ƙwallo suke kallo. Da na dawo sai na tarar da abokiyar aikina, wadda muke kira Uwar Hatimi, tsaye a gaban rediyo ta dafe ƙirji.

"An kama shi," in ji ta. "Wallahi an kama shi, kuma ba a dutse ba."

"To a ina?"

"Bayan kasuwar kayan gini. Wani gida mai jar ƙofa, kusa da injin niƙa."

Sai na nemi kujera na zauna. Daga ofishinmu zuwa kasuwar kayan gini tafiyar minti ashirin ce a ƙafa, in mutum bai tsaya gaishe-gaishe ba. A can nake sayen ƙusa.

Shekara tara ana neman mutumin nan. Shi ne shugaban 'yan ta'addan da suka hana mu sakat, kuma mun sa masa Mutumin Dutse ne saboda duk wani mai ji da kansa ya rantse yana cikin duwatsun kan iyaka. Jirage sun yi shawagi har sun gaji, sojoji sun kashe takalma ba adadi. An manna hotonsa a kowane bango, da bayani a ƙasa: dogo ne, yana da tabo a goshi, ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta saboda tsohon rauni.

Ni ba soja ba ne, ko kaza ban iya yankawa da kyau ba. Aikina a ofishin karɓar bayanai daga jama'a yake. Duk wanda ya ga wani abu ko ya ji, sai ya rubuto, ya sa sunansa a bayan ambulan. Ni nake buɗewa, in shigar a rajista, in rarraba a tire uku da ke kan teburina. Na farko na waɗanda suka gani da idonsu ne, ana hawa da shi sama wurin manya a ranar. Na biyu na waɗanda suka ji ne ko suke zato, shi sai ƙarshen wata, in an samu mai ɗauka. Na uku na masu mafarki ne. Uwar Hatimi ta buga wa kowace takarda hatimi, shi ke nan mun tashi.

A gida kuwa matata ba haka take ganin aikin ba. Ƙaninta Auta, wanda ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, direban bas ne. Yana cikin mutum talatin da ɗaya da suka mutu a harin tashar mota a shekara ta shida. Tun daga lokacin ba ta bari kowa ya taɓa rigunan aikina, ita take wankewa ta goge da hannunta. In maƙwabta suka tambaye ta aikin mijinta sai ta ce, "Yana cikin masu neman mutumin nan." Na sha niyyar gyara mata maganar, ban taɓa iyawa ba.

Da na koma gida ran nan na ɗauka zan tarar tana murna. Tana zaune ne a bakin gado, ko ɗankwali ba ta ɗaura ba.

"Baban yara, bayan kasuwa fa aka ce."

"Haka na ji."

"Shekara tara yana bayan kasuwa? Me ya sa aka daɗe haka?"

Na ce ban sani ba, amma an ce za a kafa kwamiti.

"Ni ba ruwana da kwamiti. In ka sani ka faɗa mini. Maganarka kaɗai zan yarda da ita."

Na yi mata alkawari da zuciya ɗaya, domin a lokacin ban ga abin tsoro a ciki ba.

Aka kafa kwamitin, aka ce kowane sashe ya rubuto dalilansa. Cikin mako guda dalilai suka fi ƙarfin kunne. Sojoji suka ce 'yan sanda ba su ba su labari ba. 'Yan sanda suka ce sun ba da, motar ce ba ta da taya. Wani masani ya fito a talabijin da taswira da sanda ya nuna cewa duwatsun suna da kogo ɗari huɗu, kamar har yanzu bai ji inda aka kama mutumin ba. Direbobinmu suka ce layar zana ce. Mai gadinmu ya ce ba shi aka kama ba, ƙaninsa ne. Duk wanda na saurara sai in ji kamar shi ne da gaskiya, sai na gaba ya zo ya rushe. Na kai matsayin da ko an tambaye ni sunan ranar sai na yi tunani.

Ana cikin haka sai rediyo ta yi hira da wani tela da ke da shago a layin gidan mai jar ƙofa. Tsoho ne, muryarsa a hankali. Ya ce shi ya rubuta wa hukuma wasiƙa goma sha ɗaya, ba a taɓa ba shi amsa ba.

Shugaban ofis ya aiko a kira ni. Na same shi yana goge gilashinsa da bakin riga, abin da yake yi in hankalinsa ya tashi.

"Ka ji tsohon nan?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Ka duba mini rajista. Ina fata ƙarya yake yi."

Na sauko da rajistocin shekara tara, na bi su layi-layi. Na sami sunan telan sau uku, duk a cikin shekara ta biyar, duk a tire na biyu. Daga nan babu shi. Har na ɗan ji sanyi a raina, na ce wa Uwar Hatimi tsohon ya yi ƙari, uku ya mayar goma sha ɗaya.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka duba kwalin masu naci?"

Na manta da kwalin nan kamar yadda mutum yake manta da ƙofar gidansa, don kullum yana ganin ta. Yana ƙarƙashin matakala, tsohon kwalin firji ne. A shekara ta biyu wasiƙu sun yi mana yawa, kuma rabinsu daga mutum ashirin ne kacal: wani da yake ganin Mutumin Dutse a mafarki duk ranar Talata, wata da ta haƙiƙance surukinta ne, da ire-irensu. Sai aka kafa doka. Duk wanda ya rubuto sau uku ba a sami komai ba, a sa sunansa a takardar da ke jikin bango. Daga ta huɗu ba a buɗewa, ba a shigarwa a rajista, kwali kawai.

"Wa ma ya kawo dokar nan?" na tambaye ta.

"Ba kai ba ne?"

"Ni? Ai tsohon shugaba ne."

"Tsohon shugaba hannu ya sa. Ni dai hatimi na buga."

Muka yi ta ja. Na rantse mata cewa a wurin taro aka yanke, har ina tuna ana ruwa ranar. Ta ce ba a taɓa yin taron ba. Na jawo kwalin don in rufe mata baki, sai ga takardar dokar manne a murfinsa, ta yi ja don tsufa. Rubutuna ne. Har da yadda nake lanƙwasa wutsiyar harafin ƙarshe. Na daɗe ina kallon ta, ban tuna ranar da na rubuta ba, har yau ban tuna ba.

Na zazzage kwalin a ƙasa. Kafin azahar na tsamo ambulan takwas masu sunan telan, duk a liƙe. Na koma na nemo ukun farko, na jera su goma sha ɗaya a kan tebur.

A ta farko ya ce wata mata daga gida mai jar ƙofa takan kawo masa ɗinkin wando, amma ba a taɓa kawo mai wandon a gwada shi ba. A ta biyu ya ce gidan babu namijin da ake gani sai wani gajeren tsoho, wandon kuwa na dogon mutum ne. A ta uku ya ba da haƙuri kan damun mu da yake yi. Ni na karanta su duka a lokacin, na sa a tire na biyu, domin bai gani da idonsa ba. Ba zan yi ƙarya ba, ko yau aka kawo mini su can zan sa su.

Da na yaga ta huɗu sai wata igiya ta faɗo a kan cinyata, irin ta ɗaure kaya, da ƙulli biyu kusa da juna a ƙarshenta. Wasiƙar ta ce: "Wannan shi ne awon da take kawowa. Ƙullin ƙasa tsawon ƙafar dama ne, na sama na hagu. Inci uku ne tsakani. Shekara arba'in ina ɗinki, sau biyu na taɓa ganin haka. Ku gwada da abin da ke jikin hotonku." Na dubi kwanan watan. Wata biyar ne kafin harin tasha.

Ta shida an rubuta ta kwana biyu bayan harin. Gajeriya ce. "Na ji abin da ya faru a tasha. Wandon yana kan kekena, ban san ko in ƙarasa shi ba. Don Allah ko da wani ne ku turo ya ce mini na yi kuskure."

Na kwashe su na hau sama. Shugaba ya karanta, ya juya igiyar a hannunsa, ya ajiye ta kamar mai zafi.

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta dokar."

"Kai ka rubuta, wani ya sa hannu, wata ta buga hatimi, ni na zo na tarar ban soke ba. Zauna. A ce ka buɗe ta a ranar. Telan ya gan shi da idonsa?"

"A'a."

"To wane tire?"

"Na biyu."

"Na biyu wa yake karantawa?"

Ban sani ba. Shekara tara ina aikawa da tiren nan sama, ban taɓa tambaya ba. Shi ma, na lura, bai sani ba.

"Amma da igiyar, ranka ya daɗe. Da na ga igiyar, wataƙila da na hau da ita da kaina."

"Wataƙila. Da ka hau?"

Nan ma ban sani ba. Ya ce in rubuta wa kwamiti cewa ƙarancin ma'aikata ne, wanda kuma gaskiya ne, in mayar da kwalin inda yake. Na fito kaina ya fi ɗaurewa. Na shiga da laifi guda a hannuna, na fito an yanka shi gunduwa-gunduwa, ban san wanne ne nawa ba.

Da aka tashi ban hau mota ba, na bi ta kasuwar kayan gini. Shagon telan ƙarami ne, keke ɗaya da benci. Na yi sallama, na faɗa masa inda nake aiki. Ya tsayar da keken.

"Sun iso kuwa?"

"Sun iso, Baba."

"Dukkansu?"

"Dukka."

"To alhamdu lillahi. Ni duk shekarun nan yaron da yake kai mini su nake zargi. Bari in ya zo in nemi gafararsa."

Bai tambaye ni komai ba bayan wannan. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Na isa gida da la'asar sakaliya. Matata tana falo tana goge farar rigata, wadda zan sa washegari a gaban kwamiti. A hanya na shirya abin da zan ce, na ƙarancin ma'aikata, kuma na san za ta yarda. Abin da ya ba ni tsoro ke nan. Na ciro ambulan ta huɗu da igiyar na ajiye a kan teburin guga.

"Kin ce in na sani in faɗa miki. Ban san duka ba. Ga abin da na sani."

Na faɗa mata na tire uku, da na kwali, da rubutun da ke murfinsa. Ta karanta wasiƙar tana motsa leɓe. Da ta zo kan kwanan watan sai ta tsaya.

"Lokacin Auta yana nan."

"Yana nan."

"A watan nan ne ma ya kawo wa yara keke." Ta ɗauki igiyar, ta sa yatsa tsakanin ƙullin biyu. "Da ka buɗe, da yana raye?"

"Ban sani ba."

"Baban yara, ka dube ni. Da yana raye?"

"Wallahi ban sani ba. Na tambayi kaina tun azahar. Wani lokaci in ji e, wani lokaci in ji a'a."

Na jira ta yi kuka ko ta yi faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, a hankali, "Shekara uku ina ce wa mutane kana nemansa."

Ta zare wayar dutsen guga daga bango. Ta naɗe igiyar a hannunta ta shiga ɗaki, ta turo ƙofa, ba da ƙarfi ba. Rigar tana nan a shimfiɗe, hannun dama a goge, na hagu a yamutse.

Washegari haka na sa ta. Na ɗauki hayar mai kura ya tura mini kwalin har ƙofar ɗakin kwamiti. Shugaban kwamitin ya dubi kwalin, ya dubi hannun rigata, ya ce in faɗi sunana da aikina, sannan in gaya musu, a taƙaice, me ya sa aka daɗe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Amma akwai wasiƙa dubu da wani abu a cikin nan da ba a buɗe ba, kuma ni na ce kada a buɗe."