Ƙarar da Baba Bai Ji Ba

Ɓeraye sun addabi ɗakin ajiyar Inna. Da Auta ta dawo hutu daga makarantar koyon aikin lantarki, sai ta ce za ta haɗa na'urar da za ta kore su da wata siririyar ƙara wadda kunnen mutum ba ya kamawa.

A tsohon teburin Baba ta baje kayanta. Baba ya daɗe yana gyaran rediyo kafin ya ajiye aiki, kuma har gobe da kunnensa yake taƙama. Ya jawo kujera, yana riƙe mata waya tana liƙawa da dalma.

Dabarar ba wuya. Wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ce, ba ta fi farcen yatsa ba, za ta riƙa kunna wa wata 'yar lasifika wuta tana kashewa da saurin da ya wuce jin ɗan Adam. Sai dai umarnin da Auta ta rubuta mata ya yi nauyi, saurin bai kai ba. Tana jonawa, wani fito ya soke mata kunne.

Daga kicin Inna ta ƙwala kira, "Ke Auta! Kashe abin nan, zai fasa min kai!"

Baba kuwa murmushi yake. "Shiru kake ji! Aiki ya yi, 'yar Baba."

Auta ta juyo ta dube shi. Baba ya dubi fuskarta, ya juya ya ga Inna a bakin ƙofa ta toshe kunnuwa. Murmushinsa ya dushe.

"Ƙara yake yi?"

"Kaɗan, Baba."

Ya jima yana jujjuya sukudireba a hannunsa. Can ya ce, "To bai kai ba ke nan. Gyara."

Ta ɗora aikin a kan agogon da ke cikin ƙwaƙwalwar, wanda ke ƙirga da kansa ba ya jiran umarni. A allon gwaji layin da ke nuna saurin wutar ya fito tsaf, hawa da sauka masu kusurwa, a matse da juna. Ɗakin ya yi tsit.

Inna ta sauke hannuwa. "To, Malam, yanzu duk mun zama ɗaya."

Baba ya yi dariya har da share ido. Washegari da safe ya sa hula, ya leƙo ɗakin Auta.

"Tashi ki raka ni wurin likitan kunne. In ya yi magana ƙasa-ƙasa, ke ce tafintata."