Memwar Biyu

Husna ce ta fara gani. Ta shigo shagon Kawu Hamani da ke bakin gudron, titin kwalta, a Madawa, ta shimfiɗa takardun a gabana, ta sa farce a kan kalma ɗaya. Inda na rubuta sunan garin Bangi, Bingi ce ta fito. A shafi na gaba, yara goma sha ɗaya da ta auna sun koma goma sha tara.

Memwar ɗinta ce, littafin da ɗalibi ke rubutawa kafin a ba shi diplom. Aikin jinya take karanta, ni kuma nake buga mata shi a tsohuwar ordinatar ɗin shagon, kwamfutar nan wadda ta girmi ƙanwata. Na rantse mata ban rubuta haka ba. Ta ce ba ta ce ni ba ne, amma kallon da ta yi wa yatsuna ya ishe ni. Kowa a layin nan ya san daga aji biyu na kolej na gudo.

Kawu bai yi dogon zance ba. Ya ce in har aka sake samun irin wannan kafin ta kai aikinta, in ajiye makullin shago in koma Allakaye, gonar babana na jira. Na taɓa barin tela, na bar kabu-kabu, na bar gyaran taya. Wannan ne aiki na farko da ban yi marmarin bari ba.

Zargina ya faɗa kan Faruƙ, ɗan Kawu. Shi ke ɗaukar hoton katin shaida, kuma da injin ɗaya muke aiki. Ya sha faɗi cikin wasa cewa kujerar da nake zama a kai ta ubansa ce. Na fara lura da shi. Ranar da babu mai son hoto, rubutuna yakan fito lafiya. Ranar da ya ce in tashi ya buɗe hotunansa, memwar ɗin Husna tana buɗe a ƙasa, sai in tarar da ɓarna bayan na adana. Na canza kalmar sirri. Na tsaya a kansa har ya gama, ina kallon hannunsa. Bai taɓa rubutun ba. Duk da haka wata Mariyatu da ke cikin godiyar Husna ta koma Miriyatu.

"Mi kake kallo haka, ɗan ƙauye? Hoto kake so?" in ji Faruƙ.

Na koma kan aikina. Na tara shafukan da suka ɓaci na bi su da biro. Abin da na gani bai yi kama da aikin mutum ba. A kullum harafin a ne ke zama i, ɗaya ke zama tara, sifili ke zama takwas. Mai mugunta zai gaji da abu ɗaya, ya taɓa wani wuri.

Na kira Jima, wani mai gyara da na sani a Buza. Ya yi dariya, ya ce wannan a cikin inji duk ɓarna ɗaya ce, ɗigo guda ne ya maƙale. Ya bayyana mini cewa inji yana da wurin da yake riƙe aikin da ke hannunsa, wasu 'yan sanduna kore da ake kira baret. Sistem ɗin yakan fara cika ta farko, sai in ta cika ya zuba saura a ta biyu. Rubutu ba shi da nauyi, hoto kuwa yana cika wuri. Ya aiko mini da wani shiri na gwaji, na sa a kle, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa inji, na tada injin da shi.

Da rana tsaka ne, bayan azahar, fanka na juya iska mai zafi. Allon ya yi shuɗi, lambobi na gudu. Rabin farko ya wuce tas. Da ya shiga na biyu sai jan layi ya fito, wani ya biyo shi. Na kashe, na sauya wa baret ɗin biyu wuri, na sake gwajin. Jan ya dawo tun daga farko. Na sake kiran Jima na sa shi a lasifika, don ina so Kawu da Faruƙ su ji da kunnensu. Ban ga shigowar Husna ba.

"Memwar ɗin ce ta lalace," in ji Jima. "Ba ta gyaruwa. Cire ta ka jefar, kada ka bari ta sake shiga inji."

Husna ta saki jakarta. Ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, wane ne wanga da bai karanta ko layi ɗaya ba yake cewa a jefar da aikinta. Ta juyo kaina, ta ce dama ta san akwai wanda muka haɗa baki da shi. Na yi ta bayani cewa ita ma baret ɗin memwar ake ce mata, ba ta yarda ba sai da na zare ta na ɗora mata a tafin hannu.

"Wagga ita ce memwar?"

"Ita ce, Yaya. Taki tana nan lafiya."

Ta juya ta, ta dubi haƙoran zinarenta, ta jefa a jaka. Ta ce ita za ta riƙe, don kada wani ya mayar da ita bayan ta fita. Ba ta ce wa take nufi ba.

Da baret ɗaya injin ya koma tafiyar jaki. In Faruƙ ya buɗe hoto, sai diski ya yi ta gurnani kafin fuska ta fito. Amma harafin a ya daina komawa i. Husna ta jawo benci kusa da ni, muka bi aikin daga farko, tana karanto kowace lamba daga rubutun hannunta, idonta na kan yatsuna.

Kawu bai karɓi makulli ba, bai kuma ce ya janye maganarsa ba. Faruƙ dai ya tambaye ni, ranar da ta kwashi takardunta, dalilin da ya sa na canza kalmar sirri tun kafin in kira Jima a Buza. Na ce saboda ƙura. Ya ce to, shi ma ya sa tasa a kan hotunansa, saboda ƙurar.